Hotunan faɗuwar rana a Kornish suna fitowa fari-fari, kyamarar ce ta lalace?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ƙaninka ne a nan Jidda, ina zaune ta wajen Karantina, ina ɗan taɓa hoton biki da walima a ƙarshen mako. Na sayi Canon 700D ta hannu da lens guda biyu, 18-55 da 75-300, kuɗin da na daɗe ina tarawa ne wallahi. Damuwata ita ce duk sanda na je Kornish, bakin tekun nan, da yamma sama ta yi jawur, in na ɗauka sai hoton ya fito fari-fari, jan ya koma ruwan ƙasa, abokina da jawwal ɗinsa, wato wayarsa, hotonsa ya fi nawa kyau har yana min dariya. Na koma wajen mai shagon ya ce sensa, farantin da ke kama hoto a cikin kyamarar, ita ce ta gaji, amma ya sayar min da wata baƙar filta ya ce in na ɗaura zan iya jawo rana kai tsaye ba abin da zai same ni. Na ɗaura, ina sa ido a tagar leƙe ina jawo ranar da 300 tun bayan la'asar, ina sa f/22, wato ina tsuke bakin lens, don kariya, amma har yanzu kalar ba ta fito ba, kuma in na gama ina ganin wani ɗan tabo kore-kore a tsakiyar ganina, da yana wucewa da wuri, na ranar Juma'a kuma har yau bai gama tafiya ba. An cuce ni ne a kyamarar nan? In sayar in huta?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kar ka sayar. Sensa ba ta gajiya ta daina ganin ja, in ta ƙone tabo za ka riƙa gani a wuri ɗaya a kowane hoto, ba wai kala ta dushe gaba ɗaya ba, maganar kala gyaran minti biyar ce a cikin menu kuma zan zo kanta. Amma ka rubuto min doguwar tambaya a kan kuɗinka, ka saka maganar idonka can ƙarshe kamar ƙarin bayani, to ni daga nan zan fara, domin gobe da safe wajen likitan ido nake so ka fara zuwa kafin komai.

Kyamararka ba kamar jawwal ɗin abokinka take ba. Shi in ya ɗaga wayarsa ya fuskanci rana allo yake kallo, allon kuwa iyakar haskensa ke nan komai zafin ranar. Kai a cikin irin kyamararka, DSLR, akwai madubi a karkace bayan lens, hasken da lens ta tattaro madubin ne ke tura shi sama ya biyo ta tagar leƙe ya faɗa cikin idonka, rana ce ta gaske kake kallo. Lens ɗinka a 300 da f/5.6 bakin da take shigar da haske ya kai kusan milimita 54, ɗan baƙin idonka a cikin rana bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ka yi lissafin girman filin da'irorin biyu da kanka, ninki ɗaruruwa ne. Ba duka ke isa ido ba, gilashin da hoto ke sauka a kai a ciki yana watsa wani, amma abin da ya rage ya isa ya yi ɓarna. Ka tuna gilashin ƙara girma da yara ke ƙona takarda da shi a rana, to shi ka ɗaura wa kyamara, sannan ka kai idonka inda takardar take.

Ita kuma f/22 da kake taƙama da ita, wallahi wannan maganar na gaji da jinta, kusan duk yaron da ya zo koyon hoto wajena da ita yake zuwa. Afacar DSLR, wato ƙofar da haske ke bi a cikin lens, a buɗe take wangale duk lokacin da kake leƙe, ko ka rubuta f/22 ko f/32, ba ta tsukewa sai daidai lokacin da ka danna shota, a lokacin kuma madubin ya ɗaga ba ka ganin komai. An yi ta haka ne don ka ga haske sosai kana seti kuma fokos ya kama. In kana shakka ka fuskanci bango fari a ɗaki, ka sa f/22, ka leƙa, sannan ka danna ɗan madannin nan da ke ƙasan wajen cire lens, za ka ga duhu ya rufe, ka saki haske ya dawo. Wancan duhun shi ne f/22 na gaskiya, kuma ba shi kake gani ba a Kornish. Haka gudun shota 1/4000, haka ISO 100, duk na sensa ne, idonka bai san da zamansu ba.

Baƙar filtar kuma ita ce ta fi ɓata min rai, don gara ma da ba ka ɗaura komai ba. In babu filta rana za ta soke ka, hawaye su zubo, ka kau da kai da kanka cikin daƙiƙa ɗaya, wannan kariya ce Allah ya sa mana a jiki. Filtar ta zo ta rage hasken da kake gani har ya zama mai daɗin kallo, ɗan baƙin idonka ya ƙara buɗewa saboda ya ga duhu, kai kuma ka gyara tsayuwa kana neman fokos minti guda, minti biyu. Irin waɗannan baƙaƙen filtocin da ake kira ND an yi su ne don a rage gudun shota, a ɗauki ruwa ya yi laushi, mai sitof 10 tana rage haske zuwa kashi ɗaya cikin kusan 1000. Filtar rana ta gaskiya kashi ɗaya cikin 100,000 take bari ya wuce, kuma an gwada ta a kan hasken da ido ba ya gani, infared da UV. Ita ND babu wanda ya yi maka alkawarin tana tare infared, masu juyawar nan da ake murɗawa su yi duhu ma sun fi sakinsa. Wato ta kashe maka ƙararrawar gargaɗi ta bar maka zafin yana shiga.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, kasuwar cike take da irinsa, mutum jiya caja da kwali na waya yake sayarwa yau ya zama masanin ido. Wani ya ce ka ninka tabarau biyu, wani ya ce takardar eksire ta asibiti, wani ya ce gilashin mota mai tint, wani faifan CD, wani ya ce ka turara gilashi da hayaƙin kyandir, na ji har mai cewa gilashin walda kowane iri ne, alhali shi ma sai mai duhun lamba 12 zuwa 14 ake magana, kuma don kallo da ido tsirara ne ba ta cikin lens ba. Ko tabaron husufi na gaske, mai lambar ISO 12312-2, haramun ne a fasahance ka saka shi sannan ka leƙa ta tagar kyamara, hasken da lens ta tattara zai iya huda shi. Filtar rana a gaban lens take zama, kafin hasken ya shiga, babu wata hanya ta biyu.

Abin da ya sa mutane ba sa yarda shi ne babu zafi. Bangon ido na ciki da hoto ke sauka a kai, wanda likitocin nan ke kira shabakiyya, ba shi da jijiyar jin ciwo, yana lalacewa kana murmushi. Kuma inda rana ke sauka shi ne ainihin tsakiya, ɗan wurin da kake karatu da shi, kake gane fuska da shi, kake duba ko hoto ya yi fokos da shi. Alamar ba ta cika fitowa nan take ba, sai bayan awowi ko washegari, tabo a tsakiya, layi miƙaƙƙe ya zama a lanƙwashe, kala ta sauya, wani lokaci da ciwon kai. Ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, shi ya sa mutum zai yi sati yana cewa ai da sauƙi. Yanzu kana karanta wannan, ka rufe idon hagu da tafin hannu ka kalli layukan tayil na ƙasa ko rubutun Alƙur'ani, sannan ka sauya, ka ga ko akwai inda layi ya karye ko harafi ya ɓace. Tabon da ke biyo bayan kallon haske mai ƙarfi yana wucewa cikin 'yan mintuna, naka ya kwana ya wuni, wannan ya wuce a zauna a jira. Ka gaya wa likitan gaskiyar abin da ka yi, lens nawa, minti nawa, akwai hoton da suke yi wa cikin ido ana ce masa OCT, shi zai nuna ko wurin ya taɓu. Ba zan ɓoye maka ba, babu wani magani tsayayye da ake bayarwa ya goge shi, da yawa suna samun sauƙi da kansu cikin makonni ko watanni, wasu kuma tabon ya zauna, amma dole a duba a tabbatar shi ne ba wani abu daban ba, kuma dole ka daina ƙara masa.

Kar kuma in ji an ɗiga maka zuma ko ruwan albasa ko an ce ka cika tozali, ɓarnar can ciki take a bayan ido inda ɗigo ba ya kaiwa, sai dai ka ƙara wa kanka wani ciwon a waje. Ka sha zamzam ka yi addu'a, Allah ya ba da lafiya, sannan ka tashi ka je asibiti. Na san halinmu, wani zai ce ta'amin ɗinsa, wato inshorar lafiya, ya ƙare, wani iƙama ce, takardar zama, ake sabuntawa kafil bai sa hannu ba, wani tsoron layi da takardu, sai a yi ta ɗagawa har wata ya wuce, in abu ya lalace a ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Kuɗin ganin likitan ido a asibitin kuɗi bai kai kuɗin lens ɗin da ka ɗauka ka je da ita Kornish ba.

Saura masu cewa ai ranar yamma ba ta da ƙarfi. Eh, in ƙwallon ya sauka daf da ruwa haskensa yana ratsa iska mai kauri kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa da rana tsaka, shi ya sa yake yin ja ya yi laushi. Amma wannan a mintunan ƙarshe ne kawai. In rana tana digiri 30 a sama ninki 2 ne kacal, a digiri 10 bai kai ninki 6 ba, kai kuma ka ce tun bayan la'asar kake farawa, ai wannan rana ce cikakkiya. Jidda ma tana da nata tarkon, ranar da gubar, wato ƙura, da ruɗuba, wato damshin iska, suka yi yawa sai ka ga rana ta zama farin faifai mai daɗin kallo tun tana can sama, mutum ya saki jiki, hazon kuma ba kaurinsa ɗaya ba, yana iya yayewa kana tsaka da leƙe. Ni ƙa'idar da nake ba yarana ita ce da doguwar lens ba a leƙen rana ta taga, ko da safe ko da yamma, shikenan, babu sai dai. In lalle kana son ƙwallon ranar babba a hoto ka jira ya yi ja ya kusa taɓa ruwa, ka danna madannin da ke kawo hoto a allon baya, ka yi seti da sauri, ka ɗauka, ka kau da kyamarar. A wannan yanayin madubi a ɗage yake shota a buɗe, idonka ya tsira amma sensa ce ke shan ranar, don haka ba a barinta a kan ƙafar kyamara tana kallon rana kana hira. Bayan husufin Amurka na Agusta 2017 wani kamfanin hayar kayan hoto ya wallafa hotunan abin da aka dawo masa da shi, fukafukan afaca sun narke, labulen shota ya huje. Littafin da ke zuwa da Canon ko Nikon ma a shafukan farko gargaɗin yake, ba mai karantawa ne kawai. Ina ta nanatawa ne kuma saboda ranar 2 ga Agusta 2027 husufin rana cikakke zai ratsa ta kan Jidda da Makka, ka zuba ido ka ga irin baƙaƙen robobin da za su cika kasuwa da sunan filta, da irin saƙonnin da za su yi ta yawo a WhatsApp.

To mu dawo kan kalarka, wadda abin dariyar ma ba ta buƙatar ka kalli rana ko sau ɗaya. Abu biyu ne suka haɗu suka wanke maka hoto. Mitar kyamara mai auna haske ta ga teku ya yi duhu, duwatsun bakin ruwa sun yi duhu, mutane sun yi duhu, sai ta ƙara haske don ta kai komai tsaka-tsaki, sama kuma da ita ce mai kalar ta tafi fari. Kalar faɗuwar rana a cikin ɗan duhu take zaune. Ka murza kan kyamarar zuwa Av, ka sa ISO 100, f/8 ko f/11, ka riƙe madannin Av+/- ka murza zuwa -1, in bai isa ba ka sauka -1 da 2/3, ka bar ƙasa ta yi baƙi abinta, masallacin Rahma a kan ruwa ko bishiyar dabino ko mai kamun kifi in suka fito baƙi a gaban jar sama ai shi ne hoton. Ko kuma ka auna wani yanki na sama da ke gefe, nesa da ranar, ka danna tauraro ka kulle hasken, sannan ka gyara tsari. Ka bar f/22 ɗin nan, tana rage kaifin hoto kuma duk ƙurar da ke kan sensa a sararin sama za ta fito ɗigo-ɗigo.

Kar ka yarda da allon baya da yamma, gari ya yi duhu shi kuma yana haske, komai zai yi maka kyau. Ka shiga menu ka mayar da histogiram, zanen da ke nuna yawan hasken hoto, zuwa RGB mai raba ja da kore da shuɗi, ka riƙa duba na ja shi kaɗai. A faɗuwar rana ja ne ke fara cika ya bugi bangon dama tun histogiram na haske yana nuna komai daidai, da zarar ya cika kuma lemo da ja da ruwan hoda duk su narke su zama rawaya ɗaya mara fasali, kuma babu manhajar da za ta dawo da su daga JPEG.

Na biyun shi ne AWB, setin da kyamara ke daidaita kala da kanta. Aikinta ta nemo inda kala ta rinjaya ta rage ta, a ɗakin biki mai fitilu iri-iri tana taimaka maka, a Kornish kuwa ta ga lemo ya cika ko'ina ta ɗauka kuskure ne ta zuba masa shuɗi, ga ruwan ƙasar da kake kuka da shi. Ka cire ta ka zaɓi alamar rana, kusan 5200K ke nan, ita ce ke ba da kala kusa da abin da idonka ya gani. Alamar gajimare 6000K ce, ta fi ɗumi, alamar gida mai inuwa 7000K, ita kam ni tana min yawa, tana kashe shuɗin da ke can sama, alhali wannan shuɗin ne ke sa jan ya fito, hoton da ya zama lemo daga sama har ƙasa gajiyar da ido yake yi. Ka sa salon hoto a kan L, wato Landscape, ka kashe abin nan na Canon mai haska inuwa da kansa, ALO, don shi ma yana ɗaga maka baƙin da ka sauke da gangan. Tunda kuma ta hannu ka saya, duba sunan fayil ɗinka, in ya fara da _MG maimakon IMG to mai ita na da ya bar ta a Adobe RGB, kuma irin wannan hoton a wurare da yawa a waya da intanet dushewa yake yi, ka mayar sRGB.

Jawwal ɗin abokinka ba wai ya fi kyamararka ba ne, hotuna da yawa yake ɗauka a dannawa ɗaya, mai haske da mai duhu, ya haɗa su ya ƙara kala kafin ya nuna masa. Taka ɗanyen abu take ba ka ta bar maka hukunci. Don haka ka ɗauka a RAW, ɗanyen fayil da ba a matse ba kamar JPEG, bit 14 ne, mataki 16,384 a kowace kala, JPEG kuwa 256, bambancin a sararin sama yake fitowa inda kala ke sauyawa a hankali, JPEG in ka matsa masa sai ya yi layi-layi. Manhajar Canon ta DPP kyauta ce in ba ka da Lightroom. Wajen gyara ka sauke wurare masu haske, ka ɗan rage hasken lemo shi kaɗai za ka ga ya yi kauri da kansa, kar ka ja kaurin kala gaba ɗaya zuwa ƙarshe kamar yadda ake yi a sitatus har sama ta koma kamar gobara. In bambancin sama da ƙasa ya yi yawa kuma kana son duka biyun, ka sa AEB ka ɗauki uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, a kan ƙafa ka haɗa.

Filta kuwa, ta UV mai arha da ake liƙa wa kowace lens ka cire ta da yamma, ita ke haifo koren ɗigo da hazo a hoto in haske na gabanka. CPL, filtar nan mai rage ƙyalli, tana aiki ne a gefe, digiri 90 daga inda rana take, in ka fuskanci yamma ba ta ƙara maka komai sai cin haske kusan sitof 2, a 18 na ƙaramar lens kuma tana bar maka sama rabi duhu rabi haske. Wadda za ta amfane ka ita ce mai rabin duhu, sama duhu ƙasa fari, amma ba dole ba ce yanzu.

Akwai kuma wata matsala tamu ta Jidda da ba za ka gani a bidiyon Turawa ba. Ka fito daga mota mukayyif, wato AC, na busawa, ka ciro kyamara mai sanyi a cikin ruɗubar bakin teku, nan take gilashin ya yi gumi, wani lokaci siririn da ba ka lura ba, duk hotunan minti goma na farko su fito kamar ta cikin hayaƙi. Ka bar ta a cikin jaka a rufe nesa da bakin mukayyif, in ka sauka ka ba ta kamar kwata kafin ka buɗe. Iskar teku ma tana ɗora gishiri a gilashi, ka busa da famfon roba tukuna sannan ka goge da ƙyallen lens, ba da bakin riga ko shimag ba, kuma kar ka sauya lens a bakin ruwa iska na kaɗawa.

Wata rana kuma laifin na sama ne. Mutane suna cewa ƙura ce ke sa faɗuwar rana ta yi ja, to irin gubar ɗinmu mai manyan ƙwayoyi a ƙasa-ƙasa kashe kala take yi, ta mayar da komai ruwan toka da rawaya mai datti, ranar ma ta ɓace tun ba ta kai ruwa ba, shi ya sa watannin zafi ba su cika ba da abin kirki ba. Iska mai tsabta ake so da gajimare na can sama, siraran nan kamar gashin tsuntsu ko masu ɓarɓashi, sannan can yamma daf da ruwa ya zama a buɗe don haske ya samu hanyar shigowa ya haska su ta ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne muka fi samun haka, musamman washegarin ruwan sama. Lokacin rana na faɗuwa wajen shida saura, a tsakiyar zafi kuma sai bakwai ta ɗan gota, kuma inda take faɗawa yana matsawa kudu da sanyi, arewa da zafi, ka lura da wannan in kana son ta dace da Nafurar Sarki Fahad. In ka samu hutu ka hau Hada ta hanyar Ɗa'if, kusan mita 2000 sama da teku, hazon yana ƙarƙashinka, sai dai ka riƙe jakarka da kyau saboda birai.

Mafi yawan masu hoto suna naɗe kaya da zarar ƙwallon ya nutse, alhali kalar da ta fi kyau tana zuwa ne minti 10 zuwa 20 bayan haka, lokacin da rana ke haska gajimare daga ƙarƙashin ruwa, babu ƙwallon da zai rikita mita, babu abin da zai taɓa maka ido, ka leƙa ta taga yadda kake so. A nan kusa da tsakiyar duniya muke, digiri 21 da rabi, hasken bayan faɗuwa ba ya daɗewa kamar na Turai, minti ashirin da 'yan kai gari ya rufa. Na san daidai kiran magariba ke nan, to ka yi alwala tun da wuri, ka kafa ƙafar kyamara kusa da masallaci, tsakanin kira da tayar da salla za ka samu rabonka, kuma bayan an sallame ma kar ka ce an gama, ai malamanmu sun karantar da mu lokacin isha ba ya shiga sai jan shafaƙi ya ɓace, wato jan yana nan har lokacin, ido ne ke raina shi, shota ta daƙiƙa 4 ko 8 tana kwaso shi da kyau. A nan dole ƙafa, da taima ta daƙiƙa 2, ka kashe IS, mai hana rawar hoto, na 18-55, ka yi fokos da hannu a kan wata fitila mai nisa. Ka riƙa juyawa gabas ma, ana samun ɗamara ruwan hoda a kan wata shuɗiya mai duhu, inuwar duniya ce ke tasowa, kusan ba mai ɗaukarta a Kornish don kowa ya ba ta baya.

Abu ɗaya da zan ƙara tunda doguwar lens gare ka kuma Kornish cike yake da iyalai, dokar laifukan intanet ta ƙasar nan ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamara, mu kuma baƙi ba a cika sauraron dogon bayaninmu ba, don haka lens ɗinka ta kalli ruwa, in kana son mutum a hoton ka je da abokin naka mai jawwal ka tsayar da shi, ka kuma nisanci tashar jiragen ruwa da gine-ginen gwamnati. In ka gyara setin ka turo min RAW guda ɗaya ta WhatsApp a matsayin fayil, kar ka turo a matsayin hoto don matse shi yake yi ya ɓata sama, ka haɗo min da abin da likitan ya ce.